Shekarar da Yayanku Ya Zo da Takardu Biyu

Ranar sadakar bakwai ta Yayanku ina zaune a ɗaki, mata sun cika tsakar gida, sai na ji Hadiza tana magana da wata ƙawarta ƙasa-ƙasa a gindin taga. Ba ta san tagar a buɗe take ba. Cewa ta yi:

"Allah Ya jiƙan Yaya, ya riƙe mu riƙon da ba kowa zai yi ba. Amma da ya tashi zaɓe, kuɗi ya zaɓa. Karatun da zai duba Baba da shi yana hannunsa, ya ajiye ya bi kamfani."

Ban fito ba, ban kuma taɓa tayar mata da maganar ba. Na san ba ita kaɗai ke da wannan zato ba, ku huɗun duka da shi kuka girma. Shi ya sa na sa aka sayo mini wannan littafi nake rubutu a hankali, shafi ɗaya ko biyu bayan sallar walaha. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, inda na yi kuskuren rubutu ku gyara. Inda na faɗi abin da ya faru kuwa kada ku gyara, don ina wurin, ku ba ku nan.

Sai na fara da abin da kuka sani amma ba ku taɓa tambaya ba. Yayanku ɗan fari ne. Mu kuwa yadda muka taso muka tarar, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta tsaya masa idan ana rabo. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace a wurinmu. Ina yaye shi Gwaggo Dije, yayar Babanku, ta goya shi ta tafi da shi gidanta a cikin Batsari, can ya tashi, can ya yi makaranta. Ita yake ce wa Inna. Ni idan zai ambace ni sai ya ce "Innarsu Hadiza". In ya zo Yasore gaishe mu, ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri, in tura ɗayanku ya kai masa fura. Furar dai ni nake dama ta da hannuna, in zaɓi nono mafi kauri in zuba masa. Iyakar maganar da ke tsakanina da shi ke nan, shekara ashirin da wani abu.

Kun san shekarun da aka shiga bayan nan, ba sai na tsawaita ba. A gonar gero aka ɗauke Babanku, ana tsakiyar noman farko, fartanyarsa ce kawai aka tarar a kunya. Ya yi fiye da wata guda a hannun mutanen daji. Shanun huɗarmu biyu da abin da ke rumbu suka tafi wajen karɓo shi. Da ya dawo muka kwashe muka bar Yasore, muka tare a ɗaki biyu cikin gidan Gwaggo Dije. Jikinsa ya dawo, amma mutumin da muka sani bai dawo ba. Mai yawan barkwanci, wanda in ya shigo gida tun daga zaure ake jin muryarsa, ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In babur ya wuce da ƙarfi sai kwanon abinci ya suɓuce daga hannunsa. In aka ambaci gona sai ya tashi ya shige ɗaki. Addu'a an yi, rubutu ya sha, an kai shi asibiti suka auna suka ce ba su ga komai ba, suka ba shi maganin barci.

A lokacin Yayanku ya gama digirinsa na ilimin halayyar ɗan Adam, yana ƙarasa bautar ƙasa a wani kamfani a Kano. Tun da bazara Gwaggo Dije ta tsegunta mini cewa ya nemi gurbin ƙarin karatu a fannin da ake duba masu irin larurar Babanku, amma kuɗin da ake nema ya fi ƙarfinsa. Ban ce mata komai ba. Ina da saniya guda da karsanarta, gadon mahaifiyata, a hannun ƙanena Kawunku Lawal a Babban Duhu, su kaɗai suka tsira daga ɓarayi. Na aika masa ta bakin wata mai tallar daddawa cewa ya sayar da su duka biyun ya kawo mini kuɗin da kansa, kada ya faɗa wa kowa. Shekarar ce aka rufe kasuwannin shanu aka kuma yanke layin waya a yankinmu, saboda haka abin bai zo da sauƙi ba. Sai ya nemi mai saye a ɓoye, a kan farashin da ba shi ne na saniyar ba. Ni dai ina jira, ina ƙirga kwanaki a zuciyata. Niyyata in kuɗin ya zo in damƙa wa Gwaggo Dije, ta ba Yayanku a matsayin nata.

Kafin Kawunku ya zo, Yayanku ya zo.

Da la'asar ne, ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da Gwaggo Dije da wasu mata biyu 'yan Karare da su ma gudun ya kawo su unguwar. Babanku yana ƙarƙashin rumfa, ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa kamar kullum. Yayanku ya gaishe da kowa, ya zauna a gefen tabarmar Gwaggo, ya zaro takardu biyu daga jaka ya ajiye a gabanta, alhali ya san ba ta karatun boko. Ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba. Na gane ba ita kaɗai yake so ta ji ba.

"Inna, shawara na kawo."

"Aure ne? In aure ne ka faɗi, in tashi in yi guɗa."

"Karatu ne."

"Kai dai ba ka ƙoshi. Wanda ka shekara huɗu kana yi fa, ruwa ya tafi da shi?"

Matan suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Ya ce wancan gindi ne, yanzu ne ake zaɓen reshe, kuma wurare biyu sun ba shi gurbi. Ya ɗora yatsa a kan takarda ta farko ya ce wannan na sanin halin ma'aikata ne: yadda kamfani zai ɗauki mutum, ya san inda ya dace a sa shi, ya sasanta shi da na sama da shi. Asabar da Lahadi kawai ake zuwa aji. Kamfanin da yake yi wa bautar ƙasa sun ce za su biya rabin kuɗin makaranta, su kuma riƙe shi da albashi tun daga wata mai zuwa, da sharaɗin ya sa hannu zai yi musu aiki shekara biyar. Ya ɗora yatsa a kan ta biyu ya ce wannan na asibiti ne. Shekara biyu cur ba a haɗa shi da wani aiki. Kuɗinsa ya ninka na farkon, ga watannin da mutum zai yi a asibitin ƙwaƙwalwa yana koyon aiki ba a ba shi ko sisi. Bayan an gama ma, asibitocin da ke ɗaukar irinsu ba su da yawa, wani sai ya daɗe yana yawo da takardarsa.

Gwaggo Dije ta watsa ɓawon gyaɗar da ke hannunta ta ce:

"To wannan ai ba shawara ba ce. Ga tuwo da miya a nan, ga yunwa a can, kana tambayar mi?"

Ya juya ya dubi rumfar da Babanku yake, sannan ya rage murya.

"Na biyun shi ne na irin ciwon Baba."

"Likita za ka zama ke nan?"

"Ba mai allura ba. Zama ake da mutum, a san ta inda za a fara mashi magana, a san inda za a tsaya, har abin da ya ƙulle a ƙirjinsa ya fara kwancewa. Koyonsa ake yi, Inna, kamar ɗori. Wanda bai koya ba in ya taɓa karaya ƙara ɓata ta zai yi. Kuma ba Baba kaɗai ba ne. Ki leƙa firamaren can da aka zuba mutanen ƙauyuka, ki ga matan da ke zaune suna kallon bango."

Ni hannuna yana cikin ƙwarya, ina ta murza gyaɗar da na riga na ɓare. Zuciyata tana cewa: ɗauki ta biyun, saniya tana hanya. Sai Gwaggo Dije ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta juyo gare ni a gaban mutane.

"Ke Rabi, kin ji. Mi kika ce?"

Idanun matan nan biyu suka dawo kaina. Ku da kuka tashi a wani zamani ba lalle ku gane nauyin wannan kallo ba. Da na ce a sayar da abin da nake da shi don ɗan fari, ga ƙannensa huɗu a ɗakin aro, ga uba ba lafiya, kafin magariba labarin ya zaga unguwa: Rabi ba ta da kunya, ta fito fili tana son ɗanta. Ban ma tsaya na yi wannan tunani ba. Bakina ya san amsar da ake bayarwa tun kafin a haife shi, shi ya bayar da ita.

"Ni mi zan ce, Yaya Dije? Ɗanki ne, ke da shi. Ni nawa huɗu ne, ga su nan, bana ko takalmin makaranta ban sai masu ba."

Ɗaya daga matan ta ce, "Rabi ke nan, ɗiyar mutunci." Ɗayar ta gyaɗa kai. Kowace mace a wurin ta san maganar kunya ce, irin wadda ake faɗa a wuce, ba a ɗaukar ta da nauyi. Abin da na manta shi ne, shi ba mace ba ne a cikin mata. Yaro ne da ya shekara ashirin da wani abu yana jiran ranar da za a tambayi mahaifiyarsa game da shi a gabansa, ya ji me za ta ce. Ranar ta zo, abin da ya ji ke nan. Kuma maganar takalmin ba ƙarya ba ce, ya gan ku da idonsa.

Ya tattara takardun ya ninke su tare, ya ce, "Haka ne."

Washegari da safe zai koma, don kamfanin sun ba shi mako guda ya kawo amsa. Na dama fura. Ku kun tafi makaranta, Gwaggo Dije ta zaga bayan gida, babu wanda zan aika, sai na kai masa da kaina na ajiye a gabansa. Ya sha, ya rataya jakarsa, ya zo bakin ƙofar ɗakina ya durƙusa. Babu kowa a tsakar gidan sai kaji. Babu matan Karare, babu idon da zan ce shi ya hana ni. Wannan wurin nake so ku karanta sau biyu. Kalma huɗu ce tsakanina da shi: na sayar da saniya. Na ji su a bakina. Na dubi ƙeyarsa, na ga tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga jaki yana ɗan shekara shida, ranar da na tsaya a bayan zana ina leƙe Gwaggo na wanke masa jini. Ya ce:

"Zan koma. A yi mana addu'a."

Na ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

Ya ɗan jima a durƙushe, kamar mai jiran saura. Sannan ya tashi.

Kwana tara bayan haka Kawunku Lawal ya iso, ya ɗaure kuɗin a cikin buhun dawa don tsoron hanya. Na kai wa Gwaggo Dije ɗakinta na kwance mata ƙullin, na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce:

"Rabi, kin cuci yaron nan, kin cuci kanki. Mi ya hana ki ko ƙifta mani ido?"

"Ki dai kai mashi. Ki ce naki ne, adashi kika kwasa."

"In ce nawa ne? Har yanzu ba ki daddara ba?"

"Don Allah, Yaya Dije."

Da yake babu layin waya a garin, sai da ta hau mota ta nufi wajen Katsina, inda mutane ke tsayawa a bakin titi suna ɗaga wayoyi sama. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi wannan tafiya saboda abin da na kasa faɗa daga nisan taku biyu. Ta dawo bayan azahar, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba, ta maimaita mini maganarsa yadda ya faɗe ta:

"Inna, na riga na sa hannu tun ranar Litinin, gurbin can kuma na rubuta masu na sake shi. Ki riƙe kuɗinki, ke ma tsufa ya zo. Na ji abin da Innarsu Hadiza ta ce, kuma gaskiya ta faɗa. Su huɗu ne, ni ɗaya."

Na tambaye ta ko ta faɗa masa kuɗin na wane ne. Ta ce, "Ke kika hana. Amma in kin yarda gobe in koma." Na ce ta bari, tunda ya sa hannu faɗar ba ta da amfani, sai dai ta dame shi. Haka na faɗa mata, haka na faɗa wa kaina shekaru da yawa. Yau da nake rubutu ba kowa a gabana sai Allah, na san ba don kada ya damu ba ne. Nauyin ya san na yi masa wannan abu ne na kasa ɗauka. Karatun ya riga ya wuce, wannan gaskiya ne. Amma sanin cewa uwarsa ta zaɓa masa abin da zuciyarsa ke so bai wuce ba, ana iya kai masa shi ko bayan shekara goma. Shi ma na hana shi.

Kuɗin saniyar a tukunya ya ƙare, shekarar da masara ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Kun ci, ba ku san me kuke ci ba. Sauran kuma kun san shi. Albashin Yayanku ne ya kama mana gidan haya, ya riƙe ku a makaranta, ya aurar da Hadiza, ya riƙe maganin Babanku. Ya iya aikinsa, an ƙara masa girma har sau biyu, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Duk zuwan da zai yi kuwa, kafin ya ci abinci sai ya je ƙarƙashin rumfa ya zauna kusa da Babanku, shi ma ya jingina da bango ya fuskanci ƙofa. Wani lokaci su yi awa guda ba wanda ya yi magana. Daga baya ya fara jan sa yawo da yamma, yau zuwa bakin masallaci, wani zuwan zuwa bakin kasuwa, har wata rana suka kai inda gonakin bayan gari suka fara. Can Babanku ya tsaya, ya ƙi ƙara taku, suka juyo. A ranar na ji Yayanku yana ce wa Gwaggo Dije:

"Iyakar abin da na sani ke nan, Inna. Daga nan sai wanda ya koyi aikin. Ina tsoron in matsa in ɓata."

Babanku ya rasu bayan shekara uku bai sake riƙe fartanya ba. Ban ce da Yayanku ya yi wancan karatu da ya warke ba. Allah kaɗai Ya san wannan, kuma shi kansa ya taɓa cewa ba a son mutum ya duba nasa na jini, sai dai ya san hannun da zai kai shi. Abin da na sani shi ne ya so ya gwada, kuma akwai abin gwadawar, yana cikin buhun dawa a kan hanyar Babban Duhu.

Gwaggo Dije ta bi ƙanenta bayan shekara guda, ta tafi da sirrina kamar yadda na roƙe ta. Yayanku kuma ciwon kwana goma sha ɗaya ya yi. Da aka kai ni asibitin ya riga ya daina gane mutane. Na zauna a gefen gadon na riƙe ƙafarsa, karo na farko tun yana goye. Bayan arba'in matarsa ta kawo mini wata jakar takardu ta ce ba ta san yadda za ta yi da su ba. A ciki akwai takardar nan ta biyu, ta yi laushi saboda ninki. A ƙarƙashinta akwai fom na neman gurbin karatun asibiti har guda huɗu, na shekaru daban-daban, kowanne an cike shi da hannunsa tun daga suna har ƙasa, ba a kai ko ɗaya ba. Ta ce duk shekara sai ya saya ya cike, sannan ya ce, "Bari dai auta ta gama, baɗi sai in shiga." A shekarar da ya rasu ne autarku ta gama.

To Hadiza, kin ji yadda aka yi ya bi kamfani. Ba kuɗi ya zaɓa ba. Ku ya zaɓa, don ya ɗauka abin da na zaɓa ke nan, ni kuwa na bar shi a kan haka har ya koma ga Mahaliccinsa. In akwai wanda za ku riƙe a zuciya kan wannan magana, ga ni, ina da rai, ku zo ku faɗa mini.

Abu ɗaya ya rage. Na lura da ke ranar suna a gidan ɗan'uwanki Sani, ɗanki na fari ya shigo da gudu yana nuna miki takardar jarrabawarsa, kika kawar da kai kika ce ya kai wa kakarsa, mata suka yaba miki. A wurina kika koya, na sani. Ban ce ki zubar da kunya ba, ado ce, kuma na ga gidajen da rashinta ya rusa. Amma akwai ranar da zai zo ya durƙusa a bakin ƙofarki, ba kowa a tsakar gida, ya jima bai tashi ba. Ranar ki zaunar da shi, ki kira shi da sunansa, ki faɗa masa abin da ke ranki ko da muryarki za ta yi rawa.

Ni ban kira nawa ba ko sau ɗaya, ko a ranar da aka raɗa masa, ko a gefen gadon asibiti. Na daɗe da alƙalamin nan a hannu kafin in kai ga wannan layi.

Abdulhadi. Saniyar taka ce, Abdulhadi, da ita da karsanarta. Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa ka da Babanka a inda ba a tsoron ƙofa.